Sawu a Saman Situdiyo

Ranar Alhamis da hantsi aka kunna waƙar mawaƙiya Kanari a gaban mutum huɗu, kuma kafin a kai rabinta kowa ya san aiki ya lalace. Kiɗan ya faro a natse, muryar ta hau kansa daram. Can sai ya soma sauri. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har baiwar Allah tana haki tana bin sa a baya, kalmomi na hawa kan juna. Sai ya faɗo ƙasa lokaci ɗaya, sai kuma ya sake zabura. Haka ɗaukar Litinin take, haka ta Talata, haka ta Laraba. Awa ɗaya tak Kanari ke samu a rana, daga sha ɗaya zuwa sha biyu, kuma a rana ta uku, garin maimaitawa, muryarta ta dishe gaba ɗaya. Likita ya ce ta rufe bakinta wata guda.

Mai situdiyon, wanda kowa ke kira Darakta, bai tsaya wani dogon tunani ba. Ya karɓe makulli daga hannun Auta, wadda ke zama a gaban kwamfuta tana haɗa sauti, sannan ya sauko matakala da ƙaton cikinsa, ya bi shagunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu da gangan ta yi. Ai kowa ya ji cacar bakin da Auta ta yi da Kanari makon jiya. Kafin azahar magana ta yi 'ya'ya: wasu suka ce wani situdiyo ne ya saye ta, wasu suka ce hassada ce irin ta mata, tela kuwa ya ce shi tun farko bai yarda da mace mai yini da hedifon a kunne ba.

Abin da ba su lissafa ba shi ne Auta tana da uba.

Baba Mai Sawu ya yi shekara talatin yana bin ɓarayin dabbobi a daji kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne mai gajen haƙuri, kuma bai taɓa son wannan aiki na 'yarsa ba. Ya so ta yi aikin jinya, ta ƙi, ya yi faɗa har ya gaji. Amma da ta shigo gida ranar Alhamis ta wuce ɗaki ba ta ko gaishe shi ba, ta kwana biyu ba ta fito ba, sai ransa ya ɓaci fiye da yadda ya zata. A wannan sana'a tasu, in aka ce ka taɓa ɓata wa mawaƙi aiki da gangan, to ka gama, ba wanda zai sake ba ka kujera. Ranar Asabar da safe ya buga mata ƙofa da sanda ya ce ta sa takalmi, za ta nuna masa inda aka yi ɓarnar.

*

Situdiyon yana hawa na biyu, kuma Baba ya tsine wa kowace matakala a ransa kafin ya kai. Ɗaki ne ba taga, an manne bangonsa da soso, ga wani ƙaramin ɗaki na gilashi da makirfo a tsaye, ga kwamfuta da lasifika biyu a kan dogon tebur. Ƙasan kuwa kafet. Baba ya dubi kafet ɗin ya yi tsaki. Wane irin wuri ne wannan da mutum zai shiga ya fita bai bar komai ba?

Darakta ya tarbe shi da ladabin dole. Yana sanye da takalmin fata mai sheƙi, yana ta share wuya da hankici. Ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, Baba ya duba duk inda yake so, amma magana a fili take: kowa da ke shiga ɗakin nan yana kashe wayarsa ya jefa a kwando a bakin ƙofa. Waya ɗaya ce ke a kunne, ta Auta. Shi kansa ma ba ya nan, kullum sha ɗaya yana fita ganin abokan hulɗa.

Baba ya juya ya ce wa 'yarsa ta yi masa bayani irin wanda za a yi wa tsoho, ban da Turanci.

Ta ce akwai manhajar kiɗa a wayarta, da ita take buga ganguna da yatsa. Akwai kuma babbar manhaja a kwamfuta mai ɗaukar murya. Da can sai an haɗa su da kebul, yanzu kuwa ta waifai suke jin juna, ba igiya ba komai. Duk na'urar da ke kan waifai ɗaya, in an kunna mata haɗin, to sun zama tafiya ɗaya. In ɗaya ta ƙara sauri, duk sai su ƙara. In ta rage, su rage. Babu babba babu ƙarami.

Baba ya ce wane marar hankali ne ya ƙirƙiro tafiyar da ba jagora. Darakta ya gyara tsayuwa ya ce ai ci gaba ne, kuma shi ya fara kawo shi unguwar nan.

"Ranar farko na zaci yatsana ne ya zame," in ji Auta, idonta a ƙasa. "Rana ta biyu na zargi kwamfutar. Sai ranar Laraba na lura da 'yar lambar da ke lungun allon, mai nuna na'ura nawa suka shigo. Ya kamata ta nuna ɗaya. Biyu na gani, Baba."

Darakta ya ce ƙarya ce, lambar sirrin waifai ɗin daga shi sai ita. Baba ya kau da kai daga gare shi. Ya tambayi Auta ko wannan waifai yana da iyaka, ko kuwa har ƙarshen duniya yake kaiwa. Ta ce yana da iyaka, akwai alama a saman waya mai nuna inda ya kai. Baba ya ce to madalla, ashe abin ma yana da gona. Ya aika a sayo masa alli.

*

Sai ga tsoho da sanda a hannu ɗaya, wayar 'yarsa a ɗayan, yana bin lungunan gini yana ƙura wa wata 'yar alama ido. Inda ta ɓace ya ja layi da alli. Mutanen ƙasa suka fito suna kallo, wani har da cewa tsohon ya soma ruɗewa. Baba yana ji, kuma ya riƙe fuskar wanda ya faɗa.

Layin ya fitar da shagon tela waje. Ya fitar da na mai aski. Amma rumfar mai gyaran waya, wadda ke ƙarƙashin matakala, tana ciki tsundum.

Mai gyaran waya ya rantse har sau uku bai san lambar kowa ba. Baba ya zauna a bencinsa ya miƙe gwiwa, yana dai kallonsa. Bayan minti biyar mutumin ya ce to, gaskiya ya taɓa ganin lambar a wayar Darakta da aka kawo gyara, kuma yakan ɗan sauke fina-finai, amma wallahi iyakarsa ke nan. Ya miƙo wayoyinsa uku, Auta ta bincika, ba manhajar kiɗa ko ɗaya. Ranar Litinin da Laraba ma yana kasuwa sayen kaya, rumfar a rufe, tela ya shaida. Baba ya tashi yana mita, an ɓata masa rabin awa a kan ɓarawon fim.

Na biyu da aka zarga shi ne mai fiyano, wani dogo mai gemu da aka ɗora a kujerar Auta tun ranar Alhamis. Wannan kam Baba ya so ƙwarai a ce shi ne, don bai ga dalilin da mutum zai zauna a kujerar wani yana lilo da ƙafa ba. Amma duk kwana ukun yana cikin ɗakin, hannayensa biyu a kan fiyano, wayarsa a kwando, kuma Auta da bakinta ta ce ta ga haka. Mutumin ya ƙara da cewa tun da ya karɓi aikin, kiɗan bai sake yin gardama ba ko sau ɗaya, ya ɗauki tallace-tallace biyu lafiya lau. Ya faɗi haka ne yana kallon Auta. Baba ya ji kamar ya sauke masa sanda a ƙauri, ya daure.

Mai aski kuwa ba sai an tambaye shi ba. Shagonsa na kallon ƙofar gini, kuma a faɗarsa ko kyanwa ba ta wucewa bai gani ba. Ya lissafo wa Baba duk wanda ya shiga da wanda ya fita tun Litinin, da kalar rigarsa, da wanda ya kamata a ce ya zo aski bai zo ba. Baba ya bar shi ya yi ta zuba, har ya kai inda yake cewa ita Autar ma, Allah ya sani, shi bai ce ita ce ba, amma dai. Nan Baba ya katse shi ya tambaya wace riga Darakta ke sawa in zai fita ƙarfe sha ɗaya.

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. Ya ce Darakta ba ya fita sha ɗaya. Motarsa tana nan a gindin bishiya daga safe har yamma. Wataƙila ta ƙofar baya yake bi, kuma in mutum mai mota ya bar motarsa ya bi ta baya, ai Baba babba ne, ya san abin da ake nufi.

Baba ya zagaya ƙofar baya. Yashi ne a wurin, mai laushi, abin da ya fi so a duniya. Akwai sawun kaji, akwai na mai shara da tsintsiyarta. Babu sawun namiji mai nauyi, ba na yau ba, ba na mako guda ba.

*

Baba ya koma sama ya ce a kunna masa waƙar, ta Litinin, ta Talata, ta Laraba. Darakta ya fita amsa waya. Baba ya rufe ido ya jingina da sanda.

Bai san kiɗa ba, kuma ba ya so ya sani. Amma tun a ta biyu ya ji wani abu da ya saba da shi. Abin yana farawa a hankali, ya ɗan jima, ya ƙaru kaɗan, ya ɗan jima, ya sake ƙaruwa. Mai son ɓata aiki ba ya haka, fizga ɗaya zai yi. Ya tambayi Auta wane ne ke dawo da kiɗan ƙasa lokaci ɗaya. Ta ce ita ce, tana mayar da shi daidai, amma kafin ta ɗauke hannu an sake tura shi sama, har ya wuce na da. Ya tambaya ko ita ce ke sauke shi can ƙasa sosai bayan kamar minti huɗu, inda yake jan jiki. Ta ce a'a, wannan ba ita ba ce.

Baba ya buɗe ido. Wannan ai tafiya ce. Mutum ne ya fara da taku, ya koma sassarfa, ya shiga gudu, minti huɗu numfashi ya ƙare masa, ya koma jan ƙafa, ya huta, ya sake. Ya bi irin wannan a daji ba sau ɗaya ba, mai ƙiba ne wanda bai saba ba.

Ya tambaya ina matakalar nan ta ƙare. Auta ta ce saman rufi, ba komai can sai tankin ruwa da tantabaru.

Hawa goma sha takwas ne, kuma Baba ya ƙirga su da baƙin rai. Amma da ya tura ƙofar ƙarfen sai ya ji sanyi a zuciyarsa, don magina sun bar garin siminti ya baje ko'ina a kan rufin. Ya hana Auta takawa. Ya tsuguna, gwiwa na ƙara, ya daɗe yana kallo. Sannan ya karɓi wayarta ya bi rufin a hankali ta gefe, yana duban alamar nan, ya ja layin alli daga wannan bango zuwa wancan. Ya leƙa bayan tanki, ya zaro wata baƙar leda, ya duba ciki, ya mayar.

Da suka sauko ya ce a kira masa kowa. Har da Kanari.

*

Suka taru a kan rufin da la'asar, a jere a bakin ƙofa inda Baba ya tsayar da su: mai aski, mai gyaran waya, mai fiyano, Darakta, da Kanari da gyale naɗe a wuya da ɗan littafin da take rubuta magana a ciki. Ko kallon Auta ba ta yi ba. Darakta ya ce shi yana da aiki, a yi a gama.

Baba ya nuna musu wani wuri kusa da tanki, daidai saman situdiyo, inda garin siminti ya daddaɓe ya yi rami biyu. Ya ce nan wani ya yi ta gudu a tsaye wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Kambas ne sabo, ƙasansa bai ci ba. Mai shi yana da nauyi, yana jingina a ƙafar dama, kuma in ya gaji yana dafa tanki, ga shatin hannunsa. Ga kuma inda yake ajiye waya a kan bulo. Irin wannan mutum, in ji Baba, yana son abin da zai riƙa buga masa taku, sai ya kunna ganga a waya, yana ƙara mata sauri yana bi. Bai san akwai wata baiwar Allah a ƙarƙashin ƙafarsa da ke bin gangar nan da maƙogwaro ba. In yarinya ta rage daga ƙasa, sai ya ji gangarsa ta yi sanyi, ya yi tsaki ya ƙara.

Mai aski ya ce to wane ne. Baba ya ɗauko baƙar ledar ya zazzage. Kambas fari, da gajeren wando mai faɗin gaske, da tawul mai tambarin situdiyo.

Idanu dai suka tafi wuri ɗaya, suka sauka a kan ciki ɗaya.

Darakta ya yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. Ya ce to, shi ne, sai me? Likita ne ya ce in bai motsa jiki ba zuciyarsa za ta ba shi matsala, kuma shi da ya sha yi wa masu gudu a titi dariya ba zai fita a gan shi yana tiƙar ƙasa da gajeren wando ba. Laifi ne mutum ya nemi lafiya? In wayarsa ta shiga kwamfuta, to kuskure ne, bai sani ba, yanzu yake ji.

A nan ne haƙurin Baba ya ƙare. Da mutumin ya tsaya a kan kunyarsa, da ya tausaya masa, don shi ma ya san yadda jiki ke cin amanar mai shi. Ya taka zuwa layin allin ya buga sanda a kai.

"Waifai ɗinka a nan ya tsaya, yallaɓai. Ramin can na kusa da tanki, tantabaru sun taka shi, iska ta cinye bakinsa, ya kwana uku ba a shiga ba. Yanzu dubi can."

Can ƙarshen rufin, a lungun da rana ke duka, taku huɗu bayan layin, akwai wani ramin biyu, sabo fil, bakinsa a tsaye.

"Wannan na shekaranjiya ne da jiya. Ka bar inuwar tanki ka koma cikin rana, inda wayarka ba za ta ji kwamfuta ba. Wanda bai sani ba ba ya ƙaura. Ka sani tun ranar Alhamis, ranar da ka bi shago-shago da sunan 'yata a bakinka, kuma ka kwana biyu kana hawowa nan kana gudunka."

Mai gyaran waya ya ce a hankali ai da kashe haɗin kawai ya yi a cikin manhajar, ba sai ya sha rana ba. Auta ta ce bai san inda ake kashewa ba, ita ta kunna masa tun watan da aka kawo tsarin. Mai fiyano ya sunkuyar da kai yana duban farcensa.

Kanari ta buɗe littafinta ta yi rubutu mai tsawo, ta yage, ta miƙa wa Darakta. Ba wanda ya ga abin da ke ciki, amma ya karanta ya ninke takardar har sau huɗu. Sannan ta sake rubuta wani gajere ta miƙa wa Auta, ta riƙe hannunta ba ta saki da wuri ba.

*

Da sauran suka fara sauka, Darakta ya ja Baba gefe. Murya ta yi laushi, har da ranka ya daɗe. Ya ciro makulli ya ce Auta ta dawo aiki gobe, ba ma gobe ba, yau. Mutum huɗun nan zai roƙe su su yi shiru. Abu ɗaya yake nema, a ce wa mutanen ƙasa na'ura ce ta samu matsala, an gyara. Kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya. Yana da iyali, yana da suna a garin nan.

Baba ya gaji, gwiwa na zafi, kuma makullin nan shi suka zo nema. Ya kusa cewa to. Sai ya tuna ba sunansa aka ɓata ba, ya juya ya dubi 'yarsa.

Auta ba ta karɓi makullin ba.

"Yallaɓai, na'urar nan ni ke kula da ita," ta ce. "In ka ce ita ta lalace, ka ce ban iya aikina ba ke nan. Jiya ni muguwa ce, gobe kuma in zama wadda ba ta san komai ba. Ka sauka ka faɗa musu kai ne. Shagon da ka fara shiga ranar Alhamis, da shi za ka fara."

Darakta ya dubi Baba yana neman ceto. Baba ya ɗaga kai yana kallon tantabaru.

Suka tsaya a bakin rufin, uba da 'ya, suna leƙen titi. An daɗe kafin Darakta ya bayyana a ƙasa, makullin har yanzu a hannunsa. Ya tsaya a ƙofar mai aski, inda mutum biyar ke zaune a benci suna jiran layi, ya share wuya, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

Mai aski, wanda ya riga ya san komai, ya kashe injin askin, ya sa hannu a bayan kunne, ya ce Darakta ya ɗan ɗaga murya, na ƙarshen benci ba su ji ba.